Gubar da ta shiga ƙasa: me doka ta ce, kuma wa zai yi gadinta?

Salamu alaikum jama'a. Tun ranar da kawuna ya jawo guga daga rijiyar garkarsa a bayan garin Tawa muka ga saman ruwan yana ƙyalli kala-kala kamar bakan gizo, ga warin baƙin mai, nake son yin wanga bayani. Wani gareji ne ya yi shekaru yana tuttula tsohon man inji da ruwan batir a rami can gefe, garejin ya tashi tuni amma abin da ya zuba yana nan yana bin ƙasa sannu sannu. Kawu ya dube ni ya ce "ɗana, to yanzu wa zan kama?" wallahi abin ya tsaya min a rai.

Babbar dokar muhalli tamu ta Nijar ita ce lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998, kuma a cikinta akwai ƙa'ida guda da ya kamata kowa ya haddace: wanda ya gurɓata shi ke biya. Wanda ya samar da shara mai cutarwa ko take hannunsa, shi ke da alhakin kawar da ita. Ba maƙwabci ba, ba mai garka ba. Sai doka lamba 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018, ita kuma ta ce babban aiki sai an fara binciken illarsa ga muhalli, hukumar gwamnati mai tantance illa ga muhalli, wato BNEE, ta duba. Ta waje kuwa yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta hana shigo da shara mai guba Afirka, bayan abin da ya faru a Koko ta Najeriya a 1988 da aka jibge musu gangunan guba daga Italiya.

To idan gubar ta riga ta shiga ƙasa fa? Wani lokaci ana kwashe ƙasar gaba ɗaya, amma in wurin babba ne ko ya yi zurfi sai dai a killace ta inda take. Duk wanda ya ga yadda ake jera siminti cikin rijiya don kar ta rufta zai gane aikin. Ana haƙa siririn rami mai zurfi a zagaye wurin, faɗinsa kamar mita guda, ana haƙa ana cika shi da kunun wani yumɓu da ake kira bentonit wanda ke kumbura in ya sha ruwa, shi ke riƙe bangon ramin, daga baya a cuɗa ƙasa da yumɓun ko siminti a cike. Dole gindin katangar ya nutse cikin shimfiɗar laka ko dutsen da ruwa bai ratsawa, in ba haka ba gubar ta bi ta ƙarƙashi ta wuce abinta. Sannan a rufe sama don ruwan damina kar ya shiga, a haƙa ƙananan rijiyoyin awo ciki da waje ana ɗiban ruwa ana kaiwa gwaji.

Abin da nake so ku riƙe, katangar nan ba ta kashe guba, ɗaure ta kawai take yi. Tana iya tsagewa, wasu sinadarai na iya cin ta, shi ya sa awon ruwan ya fi ginin kansa muhimmanci a wurina, kuma awo kuɗi ne na shekara da shekaru. Ku dubi Akokan ta Arlit, an rufe mahaƙar uraniyum ta COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ta bar kusan tan miliyan 20 na tarkace mai tururin nukiliya, shirin da aka yi shi ne a lulluɓe shi da laka da duwatsu kaurin mita 2. Rufi ne daga sama, mutanen can kuwa ruwan ƙasa suke sha.

Saboda haka duk inda aka ce muku an killace, ku tambaya wa zai riƙa awon ruwan, har shekara nawa, da kuɗin wa, kuma a ina talaka zai ga sakamakon. Kawu dai na raka shi ma'aikatar magajin gari da ofishin muhalli mun kai koke a rubuce, da ruwan a cikin bido. Rijiyar ya ɗora mata katako da dutse, yaran gida sun koma ɗiba a famfon unguwa.