Waiwaye: Yadda Tara Bayanan 'Yan Najeriya Ya Riga Dokar Kare Su

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan Najeriya 'yancin sirri a gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, amma bai hango zamanin da kwamfuta za ta riƙa tace bayanan miliyoyin mutane cikin ɗan lokaci ba.

Sai aka fara tarawa. An kafa hukumar NIMC mai rajistar shaidar ɗan ƙasa a 2007, rajistar layin waya da hoton yatsu ta kankama a 2011, Babban Banki ya fito da BVN a 2014. Duk wannan ba tare da cikakkiyar dokar da ta ce wa zai taɓa bayanan, ko tsawon lokacin da za a ajiye su ba. Sai a Janairun 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai ta NDPR, wadda ba ta bi ta majalisa ba, don haka haƙorinta bai da kaifi. A Disambar 2020 kuma aka tilasta haɗa NIN da layin waya, rumbunan da ke warwatse suka soma zama tsintsiya ɗaya.

Shugaba Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai a Yunin 2023, aka kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Idan an yi kutse mai haɗari, dole a sanar da ita cikin awa 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Matsalar tana wajen amincewa. Dokar ta tsaya kan cewa a karɓi abin da ake buƙata kawai, don manufar da aka faɗa. Kasuwar bayanai kuwa ribarta a tara da yawa ne, a nemi amfaninsu daga baya. Dubi manhajojin bashi: mutum ya danna "na yarda" don rancen naira dubu biyar, manhaja ta kwashe lambobin wayarsa kaf. Ranar da ya makara, surukinsa da limamin unguwa su ga saƙon cewa shi macuci ne. Su ɗin, wa ya nemi izininsu?

Cire sunan mutum daga bayanansa ma ba ya wadatarwa wajen ɓoye shi. A haɗa unguwar da waya ke kwana, da wurin da take yini, da shagon POS ɗin da ake cire kuɗi, an gane mutum. Kuma wanda aka sace masa lambar sirri zai canja wata, amma hoton yatsa ba ya canjuwa.