Duwatsu da Allunan Yaƙin Basasar Amurka: Wa Ya Kafa Su, Me Suke Faɗa?

Matafiyin da ya ratsa jihohin Virginia, Maryland, Tennessee ko Georgia a mota zai yi ta cin karo da allunan ƙarfe a bakin titi, da tsofaffin igwa a tsakiyar gona, da mutum-mutumin soja riƙe da bindiga a gaban kotun gari. Duka burbushin yaƙi ɗaya ne, yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865.

Wane yaƙi ne wannan, kuma me ya haddasa shi?

Bauta ce ta haddasa shi. Ƙidayar 1860 ta nuna akwai bayi kusan miliyan 4 a Amurka, akasarinsu a gandayen auduga da taba da rake na Kudu. Da Abraham Lincoln ya ci zaɓe a Nuwamban 1860, alhali jam'iyyarsa na adawa da kai bauta sababbin yankunan yamma, sai jihohin Kudu suka fara ɓallewa har suka kai 11, suka naɗa Jefferson Davis shugabansu. An yi harbin farko ranar 12 ga Afrilu 1861 a Fort Sumter, bakin tekun Charleston. Ranar 9 ga Afrilu 1865 Janar Robert E. Lee na Kudu ya miƙa wuya ga Janar Ulysses Grant na Arewa, wato ɓangaren gwamnatin tarayya, a ƙauyen Appomattox. An daɗe ana ƙiyasta mamata da 620,000, wani bincike na baya-bayan nan kuma ya kai adadin wajen 750,000, kuma cuta ta kashe sojoji fiye da harsashi.

Da gangan na sa bauta a gaba, domin alluna da yawa an rubuta su ne da nufin a kauce wa ambatonta.

Alamomin nan duk iri ɗaya ne?

A'a, kuma rashin bambance su ne ke rikita muhawara. Akwai waɗanda ke cikin filin daga kansa, waɗanda aikinsu shi ne su nuna inda wace runduna ta ja daga, da ƙarfe nawa, da mutum nawa ta rasa. Akwai allunan bakin hanya da gwamnatocin jihohi ke kafawa. Virginia ce ta yi fice a wannan, tun 1927 take dasa nata masu launin azurfa da baƙin rubutu. Sai kuma mutum-mutumin janar-janar da na sojoji da aka girke a dandalin gari, sau da yawa a inda ba a taɓa gwabzawa ba. Na farkon suna kusa da zama shaida. Na ƙarshen kuwa girmamawa ce, kuma duk wanda aka girmama a tsakiyar gari, akwai saƙon da ake isarwa ga mazauna garin.

Wa ya fara kafa su?

Sojojin da kansu, tun ƙura ba ta lafa ba. A 1863 dakarun Kanar William Hazen suka gina wa abokansu da suka faɗi a yaƙin Stones River na Tennessee wani dutse mai kusurwa huɗu, kuma yana nan a wurin har yau. A Gettysburg ta jihar Pennsylvania aka kafa ƙungiyar kula da filin a 1864, shekara ɗaya bayan gwabzawar.

Amma babban aikin ya zo ne da 'yan mazan jiya suka fara furfura. Tsakanin 1890 da 1899 majalisar dokokin ƙasar ta ware filaye biyar: Chickamauga da Chattanooga a haɗe, sai Antietam, Shiloh, Gettysburg da Vicksburg. Ma'aikatar yaƙi ce ta riƙe su, har hafsoshi ke zuwa ɗaukar darasi a cikinsu, kafin a miƙa su ga hukumar kula da gandun daji da wuraren tarihi a 1933. A waɗancan shekaru tsofaffi sun riƙa komawa suna taka gonakin da ƙafa, wannan ya ce nan muka tsaya, wancan ya ce a'a, can gaba ne kusa da katanga. Gardamar kan yi zafi. Dokar Gettysburg ta ce a kafa dutsen kowace runduna a layin da ta ja daga, ba a wuri mafi nisa da wasu mutanenta suka kutsa ba. Runduna ta 72 ta Pennsylvania ta ƙi yarda, ta kai ƙara har kotun ƙolin jihar, ta yi nasara, aka kafa nata a bakin katangar dutsen da aka yi artabu mafi muni, a 1891. Wannan ya isa ya nuna cewa ko wurin da dutse ke zaune wani ne ya yi fafutuka a kansa.

Idan mutum ya shiga filin, yaya zai karanta abin da yake gani?

Nan ne abin ya fi daɗi, domin alamomin suna da harshensu. A Gettysburg kaɗai akwai duwatsu da alluna sama da 1,300. Kusa da babban dutsen runduna, idan ka duba dama da hagu cikin ciyawa, za ka ga wasu ƙananan duwatsu biyu. Su ne ke nuna inda layin sojojin ya fara da inda ya ƙare. Ka tsaya a ɗaya ka hangi ɗayan, sai ka ga da idonka ɗan tazarar da mutum ɗari uku suka cika kafaɗa da kafaɗa. Gani ya kori ji. A tudun Little Round Top, inda rundunar Maine ta 20 ƙarƙashin Kanar Joshua Chamberlain ta tsare ƙarshen layin Arewa ranar 2 ga Yuli 1863, waɗannan ƙananan duwatsu sun fi dogon bayani fahimtarwa.

Launi ma magana ne. A Chickamauga ta jihar Georgia, allo mai shuɗi na Arewa ne, mai ja na 'yan aware. A can kuma an jera harsasan igwa kamar dala a wurare takwas, kowanne na nuna inda wani kwamanda ya faɗi. A Antietam igwa ce ake kifewa, bakinta a ƙasa cikin dutse, a wurare shida da aka kashe janar ko aka yi masa raunin da ya zama ajalinsa, uku daga kowane ɓangare.

Akwai wata magana da ke yawo cewa idan dokin mutum-mutumi ya ɗaga ƙafa ɗaya to an raunata mahayinsa, idan biyu ne ya mutu a fagen fama. Kada a dogara da ita. Dokin Janar James Longstreet da aka kafa a Gettysburg a 1998 ya ɗaga ƙafa, alhali ba a ji masa ciwo a can ba.

Shawarata ɗaya ce ga mai karatu: kafin ka karanta abin da dutse ya ce, nemi shekarar da aka kafa shi da sunan waɗanda suka biya kuɗinsa. Galibi suna rubuce a gindi ko a baya.

Me ya sa yaƙi ɗaya ke da suna biyu a alluna?

Sojojin Arewa sukan sa wa gwabzawa sunan rafi ko kogi, na Kudu kuma sunan gari mafi kusa. Shi ya sa Bull Run da Manassas wuri ɗaya ne, haka Antietam da Sharpsburg.

Waɗanne wurare ne suka fi ratsa zuciya?

Antietam, a Maryland, ita ce ranar da aka fi zubar da jini a tarihin ƙasar: 17 ga Satumba 1862, kimanin mutum 23,000 suka mutu, ko suka jikkata, ko suka ɓace tsakanin asuba da magariba. Har yau ana iya shiga wata kwararriyar hanyar amalanke da gawarwaki suka cika ta, ana iya taka gadar dutsen da aka yi ta fama a kanta. Kwana biyar bayan wannan rana Lincoln ya sanar da aniyarsa ta 'yanta bayin jihohin da suka ɓalle, umarnin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1863.

Gettysburg ta ci kwana uku, 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, da asarar mutum kusan 51,000, matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, kuma a maƙabartarta Lincoln ya yi gajeren jawabinsa ranar 19 ga Nuwamba. A Vicksburg, wadda ta miƙa wuya ranar 4 ga Yuli bayan ƙawanyar kwana 47, ginin tunawa na jihar Illinois yana da matakala 47, kowace rana ɗaya.

Amma ni wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Andersonville a Georgia, sansanin fursunonin yaƙi da aka cusa wa sojojin Arewa kimanin 45,000 cikin wata 14, kusan 13,000 suka mutu da yunwa da zawo. Wani matashin fursuna, Dorence Atwater, wanda aka sa rubuta sunayen mamata, ya kwafi jerin a ɓoye ya fita da shi. Da wannan takarda aka koma a 1865, tare da ma'aikaciyar jinya Clara Barton, aka sa wa kaburburan suna. Waɗanda suka rage ba suna ba su wuce 460 ba. Duwatsun a manne suke da juna, domin a jere aka binne mutanen cikin dogayen ramuka.

To me ya jawo rikicin tumɓuke mutum-mutumi?

Shekarun da aka kafa su ne suka tona asiri. Yawancin na dandalin gari a Kudu an girke su ne tsakanin 1900 da 1920, daidai lokacin da jihohin ke ƙwace wa baƙaƙen fata ƙuri'a suna ƙarfafa dokokin wariya, bayan kotun ƙoli ta halatta rarraba wurare a 1896. Wata ƙungiyar matan zuriyar sojojin Kudu, da aka kafa a 1894, ita ta tara kuɗin da yawa daga cikinsu. Labarin da suke yaɗawa shi ne Kudu ta yi yaƙi ne don 'yancin jihohi da kare gida. Sai dai takardun ɓallewar da jihohi irin su Mississippi da South Carolina suka rubuta da hannunsu sun ambaci bauta ƙarara a matsayin dalili. Lee da kansa, da aka gayyace shi a 1869 ya zo a yi wa wuraren Gettysburg alama, ya ƙi zuwa, yana ganin gara kada a yi ta fama gyambon yaƙi.

Bayan da wani mai aƙidar fifita farar fata ya kashe masu ibada tara a wata cocin baƙaƙe a Charleston a Yunin 2015, guguwar ta tashi. New Orleans ta sauke huɗu a 2017, a shekarar ce kuma aka yi tarzomar Charlottesville kan mutum-mutumin Lee. Na Richmond, wanda aka kafa a 1890, an sauke shi a Satumban 2021.

A ganina waɗanda suka ce ana share tarihi sun haɗa abu biyu. Allon da ke nuna inda dakarun Alabama ko Texas suka hau tudu, da adadin da suka rasa, ya kamata a bar shi, domin idan babu shi ba za a gane filin ba. Amma jikan bawa da zai shiga kotu neman adalci bai kamata ya bi ta ƙarƙashin wanda ya yi yaƙi don kakansa ya dawwama a bauta ba.

Ina alamomin baƙaƙen sojoji?

Sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma sun zo a makare, duk da cewa baƙaƙe kusan 180,000 suka sa kakin sojan Arewa. Mafi shahara shi ne na Boston da aka buɗe a 1897, na rundunar Massachusetts ta 54 da ta far wa Fort Wagner ranar 18 ga Yuli 1863. Ko shi ma sai a farkon shekarun 1980 aka sassaƙa sunayen baƙaƙen da suka mutu. Ita kanta Fort Wagner teku ta cinye wurin. A 1998 aka buɗe wani a Washington mai ɗauke da sunayensu, kuma wajen shekarar 2000 majalisa ta umarci hukumar da ke riƙe da filayen ta riƙa bayyana wa baƙi rawar da bauta ta taka.

Cikin waɗannan sojoji har da ɗan Borno. Muhammad Ali bin Sa'id, wanda Amurkawa suka sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ne, ɗan Barka Gana, ɗaya daga cikin jarumawan Shehu al-Kanemi. An sace shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, ya bi ta Istanbul da Rasha har ya isa Amurka, ya shiga rundunar Massachusetts ta 55 a 1863. Bayan yaƙin ya koyar a makarantun 'yantattun bayi a Kudu.

Filayen suna nan yadda suke?

Wasu suna nan, da yawa gari ya haɗiye su. Kwamitin da majalisa ta naɗa ya ba da rahoto a 1993 cewa cikin gwabzawa kusan 10,500 akwai 384 masu muhimmanci, kuma da dama daga filayensu sun riga sun lalace ko suna cikin haɗari. Kamfanin Disney ya janye shirin gina wurin wasa kusa da Manassas a 1994 bayan masana tarihi sun yi ca, Walmart ma ta fasa gina kanti a gefen filin Wilderness a 2011. Ƙungiyoyin sa-kai suna sayen gonaki eka-eka suna ajiyewa, kuma doka ta hana tono harsashi ko maɓallin kaki a filayen gwamnatin tarayya.

A garin Franklin na Tennessee, inda janar shida na Kudu suka mutu sanadin gwabzawar 30 ga Nuwamba 1864, an taɓa gina gidan sayar da abinci a tsakiyar filin. Mutanen garin suka saye shi suka rushe a 2005, suka mayar da wurin fili, suka dasa alluna.