Ma'anar Adabin Baka da Gurbinsa a Ƙagaggun Labaran Afirka

Adabin baka shi ne duk wata hikimar magana da al'umma ta gada kaka da kakanni, wadda ake adana ta a ka, a kuma miƙa ta daga baki zuwa kunne ba tare da alƙalami ba. A cikinsa akwai tatsuniya da almara da karin magana da kirari da kacici-kacici da waƙoƙin makaɗa. Abin da ya bambanta shi da rubutaccen adabi shi ne ba ya cika sai da mai sauraro, domin idan mai tatsuniya ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ba za ta ci gaba ba sai yara sun amsa da "Ta zo mu ji ta".

Mutane da yawa suna ɗauka cewa aikinsa a ƙagaggen labari bai wuce ado ba, wato a yayyafa karin magana nan da can don zance ya yi armashi. A ganina wannan fahimta ta gaza, domin sau da yawa shi ne ginshiƙin labarin. Littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, ya ari sunansa daga sananniyar tatsuniya, ya kuma ɗauki zubinta na doguwar tafiya neman abu mai wuyar samu, inda matafiyi ke tsallake wahalhalu da wayo irin na Gizo. Irin wannan zubi ne Amos Tutuola ya kwaso daga labaran Yarbawa a littafinsa The Palm-Wine Drinkard na 1952, duk da cewa da Turanci ya yi rubutunsa.

Chinua Achebe kuwa wata hanya ya bi a Things Fall Apart na 1958. A can wata uwa mai suna Ekwefi ce take ba 'yarta labarin kunkurun da ya ari fuka-fukan tsuntsaye ya bi su walima a sama, ya handame abincin, suka karɓe aronsu, ya faɗo ƙoƙon bayansa ya farfashe. Mai karatu yana jin muryar uwa a ɗakinta da dare, yana kuma ganin yadda Ibo ke auna haɗama da son kai, ba tare da marubucin ya tsaya yin wa'azi ba.