Waiwaye: Hanyar Gwanja da Zangon da Ya Zama Gida

Goro ba ya fitowa a Gwanja. Duk wanda ya tashi yana jin tsofaffi na ambaton Gwanja a matsayin tushen goro da arzikin fatake zai yi mamakin haka, amma ita ce gaskiya. Gwanja ƙasar fili ce mai ciyawa da kaɗanya a arewacin Ghana ta yau, yanayinta bai yi nisa da na kudancin Zazzau ba. Itacen goro sai cikin kurmi, can kudu a ƙasar Asante, mutanen da Hausawan da ke kira Tonawa. Abin da ya ɗaga sunan Gwanja shi ne a nan kasuwa ta tsaya. Tonawa su hauro da goro, fatake su gangaro da haja, a yi ciniki, kowa ya juya. Sarakunan Kumasi, babban birnin Asante, ba su cika son baƙon arewa ya kutsa cikin kurmin ba, sun fi son a tsaida shi a bakin ƙofa.

Hanyar kam ta tsufa. Tsohon tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Abdullahi Burja, wajen tsakiyar ƙarni na 15, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Sarki Yakubu fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Shi dai wannan tarihin ne ya ambaci goro dubu goma cikin gaisuwar da Sarkin Nufe ya aika wa Amina ta Zazzau. A lokacin goro abin sarakuna ne da manyan attajirai. Sai a ƙarni na 19, bayan jihadi, ya zama na kowa, domin ga jama'ar da ta bar giya, ga abin taunawa mai kore gyangyaɗi wanda malamai ba su haramta ba. Aure da goro, suna da goro, gaisuwa da goro, har tukuicin ɗan aike ma sunansa goro. Bukatar da ta ƙaru ita ta mai da Salaga, wani gari kusa da fadar Kpembe, babbar kasuwar yankin baki ɗaya.

Daga Kano zuwa Salaga tafiyar watanni ce, zuwa da dawowa kan ci rabin shekara, wani lokaci shekara guda cur. Ayari kan bi ta Yawuri ko Busa ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, sannan Yendi. Wasu kan bi ta arewa, ta ƙasar Gurma da Sansanin Mango. Ba a tafiya a warwatse. Madugu ne shugaba, shi ke magana da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa, jagaba na gaba, malamin ayari na riƙe da lissafi da addu'a da zaɓen ranar tashi. Wani Bature mai suna Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kaiama a 1826, yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, maza da mata, da dabbobin kaya kusan yawansu. Abin da ake kaiwa: kanwa, rigunan saƙi, turkuɗi, jar fata, gabu, jakuna da dawakai. Abin da ake dawowa da shi kusan ɗaya ne tak.

Kuma goro kaya ne mai rai, ba kamar gishiri ko tufa ba. Ana jera shi cikin ɗanyen ganye a ɗaure huhu. Bayan 'yan kwanaki a kan hanya sai a sauke, a kwance, a bi shi ɗaya bayan ɗaya da yatsa, wanda sankara ta taɓa a fitar da shi tun bai ɓata 'yan uwansa ba, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a ɗaure. Iskar hunturu ta shiga huhu, ya bushe, an yi asara. Ruwa ya yi yawa, ya ruɓe, an yi asara. Haka za a yi ta yi har Kano, ga 'yan fashin Bargu a hanya. Wanda ya iso da gorinsa lafiya kuwa, ribar takan ninka jarinsa sau da yawa, shi ya sa Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka mai da hanyar gadon gida. Abin lura, waɗannan duka asalinsu baƙi ne a ƙasar Hausa, wasunsu ma daga zuriyar bayin Buzaye suka fito. Hanyar Gwanja ce ta ba su suna da daraja.

Sai dai in ana wannan labari an fi son a tsaya a kan madugu da dokinsa. Wa ya ɗauki kayan? Jakuna sun ɗauka, bayi ma sun ɗauka. Salaga babbar kasuwar bayi ce. Tun da Asante ta ci Gwanja da Dagomba a ƙarni na 18, cikin harajin da ake kai wa Kumasi har da mutane, kuma daga baya hare-haren Zabarmawan Babatu a ƙasar Gurunsi sun cika kasuwar da kamammu. Har yau a Salaga ana nuna wa maziyarta rijiyoyin da aka riƙa wanke bayi kafin a kai su kasuwa. Fatakenmu sun saya, sun sayar. Ƙasar da ta zama ta buɗi ga wani, a wurin wani nan ne aka raba shi da uwarsa, kuma ban ga dalilin da za mu riƙa tsallake wannan shafi ba.

Rushewar Salaga ta zo a hankali, sannan ta zo gaba ɗaya. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, mutanen Gwanja suka yi amfani da damar suka balle, Asante kuma ta karkatar da goronta zuwa Kintampo. A 1892 rikicin sarautar Kpembe ya zama yaƙin basasa, garin ya watse. Fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi, Yeji, Kintampo, wasu har bakin teku. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya koma Kete-Krachi ya zama limaminta har rasuwarsa a 1934. Ya bar waƙoƙi da Larabci da ajamin Hausa, ciki har da wadda ya yi a kan talauci da wadata, inda ya zayyana yadda ake guje wa matalauci a rungumi mai abin hannu. Mutumin da ya ga kasuwa ta cika ta batse kuma ya ga ta koma kango, ya san abin da yake faɗa.

Da Turawa suka kama ƙasa sai hanya ta sauya. Jirgin ruwa ya fi jaki sauri, jirgin ƙasa kuma ya fara aiki tsakanin Legas da Kano a 1912. Rayuwar Alhassan Ɗantata ta faɗa daidai kan wannan gaɓa. An haife shi a Bebeji a 1877 a gidan Agalawa, mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Accra, garin da tsofaffinmu ke kira Ankara, aka bar shi a hannun wata baiwa mai suna Tata, wadda sunanta ya bi shi da zuriyarsa har yau. Yana saurayi ya bi hanyar Gwanja neman uwarsa. Daga baya ya shiga sahun farko na masu loda goro a jirgin ruwa zuwa Legas, kafin gyaɗa ta mai da shi attajirin da babu kamarsa a yankin lokacin rasuwarsa a 1955. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Irin wannan labari shi ke sa yaro ya ɗaura ɗamara, amma ba a kirga nawa ne suka bi hanyar nan ba su dawo da ko jaki ba.

Shi kansa goron daga bisani ya yi ƙaura. Aka dasa irin na Asante a ƙasar Yarabawa, wajen Agege da Shagamu, ya karɓu, 'yan goro suka kafa Sabo a garuruwan can. Yarabawa kuwa har yau suna kiran wannan iri da gbanja, wato dai Gwanja ce a bakinsu.

Goro ya ja baya amma kiran ƙasar bai mutu ba, sai ma ya matsa kudu. Wannan karon koko ne, wanda ake yin cakulan da shi, da zinariya. Zuwa 1911 Gwalkos, wato Ghana ta yau, ce kan gaba a duniya wajen noman koko, ga ma'adinai a Obuasi da Tarkwa, ga layin dogo daga Sekondi zuwa Kumasi tun 1903, ga tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. Duk suna neman hannu. Daga ƙasar Nijar, inda harajin Faransa da aikin tilas suka addabi talaka, samarin Adar da na Zabarma suka riƙa tafiya cin rani Kurmi da ƙafa bayan girbi. Wani ya yi dako, wani ya yi gadi, wani ya sayar da itace ko gawayi, wani ya yi kiɗan kalangu a mahauta. Kafin damina a dawo da bargo, da akwati, da turmin atamfa, mai sa'a da keke. Saurayin da bai je Kurmi ba sai ya ji kunyar tsayawa a dandali. Kalmar kaya ma ta zauna a can, har yau matan da ke dako a kasuwannin Accra kayayei ake ce musu.

Akwai kuma soja. Rundunar da wani jami'in Ingila mai suna Glover ya haɗa a Legas a shekarun 1860, mafi yawanta bayi ne da suka gudu, ita aka kawo yaƙin Asante, kuma Hausa ta zama harshen bariki. Da yawa cikin waɗanda aka kira Hausawa a rundunar ba Hausawa ba ne. A idon mutumin kurmi, duk mai sallah da doguwar riga daga arewa Bahaushe ne.

Waɗannan mutane ne suka cika zango. A bakin fatake, zango wurin da ayari ke yada kaya ne a kwana a tashi. A Ghana ya zama unguwa. Sabon Zango ta Accra, wadda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, da Nima, da zangon Kumasi, kowacce da sarkinta da limaminta da makarantar allo. Cikinta akwai Bahaushe, Bazabarme, Bamoshe, Bayarabe, Bafulatani, Kotokoli, Wangara, kuma harshen da ya haɗa su Hausa ce. Hausar ta sauya, ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, za ka ji an ce "matata ya zo" babu wanda ya ɗaga kai. Bakano kan yi dariya, amma wannan Hausar ta yi aikin da tamu ba ta yi ba, ta ɗinke kabilu goma a layi ɗaya. Ka fita da asuba a Nima ka ga layin masu jiran koko da ƙosai, ma'aikacin banki da ɗan makaranta Kirista kowa da kofinsa. Waakye da duk Ghana ke alfahari da shi sunansa daga wake ya samo asali, tuo zaafi kuwa ba ya bukatar fassara.

Matsalar ta fito ne da aka zo zancen ƙasa da takarda. Jama'ar zango sun shiga siyasa, da yawansu a ɓangaren adawa da Nkrumah, kuma a 1957, shekarar 'yancin kai, aka kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden daga Kumasi zuwa Najeriya. Sun je kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu ta rufe shari'ar. Ƙidayar 1960 ta nuna kusan kashi 12 cikin 100 na mazauna Ghana asalinsu daga waje ne. Da farashin koko ya faɗi, aiki ya yi wuya, sai ido ya koma kansu. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Mutum fiye da dubu ɗari suka fita, mafi yawa 'yan Najeriya, ga 'yan Nijar da na Togo da na Upper Volta, wato Burkina Faso ta yau. Aka sayar da gida da rumfa a kan kuɗin mota. Akwai waɗanda aka haifa a Kumasi, iyayensu ma a can aka haife su, aka sauke su a garin da ba su san kowa ba, aka ce musu sun dawo gida. A Kano ko Tawa kuma sai aka riƙa kiransu 'yan Ghana.

Shekara 13 bayan haka reshe ya juye da mujiya. Man fetur ya mai da Legas sabuwar Gwanja, 'yan Ghana suka kwararo, malaman makaranta da teloli da masu gyaran takalmi. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kore su, kimanin miliyan ɗaya, kuma jakar da suka zuba kayansu a ciki ta samu sunan da kowa ya sani, Ghana Must Go.

Zango dai tana nan. Babban Limamin Ghana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, a Accra aka haife shi a 1919, kuma da ya cika shekara ɗari ya ziyarci cocin Katolika, abin da aka yi ta yabawa. A 2017 gwamnati ta kafa ma'aikata da asusu na musamman don raya zanguna, daga baya aka soke ma'aikatar a 2021. Kwatoci da cunkoso da rashin aikin yi ba su bar Nima ba. Kuma duk lokacin da aka zo rajistar katin ɗan ƙasa ko na zaɓe, koken da ke fitowa daga zango ɗaya ne: jami'i ya ji suna, ya ɗago kai, ya tambayi mutum asalin garinsu, alhali kakan kakansa a maƙabartar unguwar yake kwance.