Wai mene ne "sassabin zamani"?

In dai kana hira da manoman Maraɗi ko Damagaram, ko kana bin maganar kwararowar hamada, to da wuya ba ka ji an ce sassabin zamani ba. Da yawa suna ɗauka dashen itatuwa ne. A'a, ba a dasa komai fa.

Sassaben da muka gada ai kowa ya sani, rani ya yi nisa ka ɗau gatari da adda ka bi gona ka sare duk wata sabara da kalgo da suka tofo, ka tara ka cinna wuta, gona ta fito fes sai a ce wane manomi ne. To na zamani shi ne in ka zo kan kututture da ya tofo rassa goma sha, sai ka zaɓi miƙaƙƙu masu ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, ka bar su, ka sare sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa kamar rabin tsayinsu, da makami mai kaifi, kana yankan daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawon ya tsage. Wasu har tsumma suke ɗaurawa don masu saran itace su san da mai shi. Shi ke nan. Sirrin yana cikin saiwa, ta daɗe a ƙasa ta riga ta kai ga laima, shi ya sa tofon yake gudu fiye da dashen leda da sai ka yi ta ɗawainiyar ban ruwa ƙarshe akuya ta cinye.

Abin da ba kowa ya sani ba, aikin nan daga wajen 'yan mishan ya taso. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ƙungiyar mishan ta SIM ce ta kawo shi Nijar a 1981, ya yi ta dashe yana mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa ƙananan ciyayin nan da ake sarewa duk shekara itatuwa ne da ransu. Shi kansa yana cewa addu'a ya yi a kan hanyar ƙauye kafin idonsa ya buɗe. Da yunwar 1984 ta zo sai aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itace a gona. Mutane sun bari saboda hatsi, ana daina rabo mafi yawa suka sare abinsu, wasu ma mahaukaci suke ce wa Rinaudo, wa ya taɓa ganin an bar daji a gonar gero? Amma 'yan kaɗan da ba su sare ba suka ga iska ta daina binne musu shuka da rairayi, ga itacen girki a kusa mata sun huta da tafiya mai nisa, ga ganye da 'ya'yan gawo na dabbobi. Gawo kuwa ba a magana, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, takin kuma a gindinsa.

Ta fuskar addini, Kiristoci suna kafa hujja da Littafi Mai Tsarki, Farawa 2:15, inda Allah ya sa mutum a gonar Aidan ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Manoman da suka ɗauki abin kuma kusan duk Musulmi ne, su ma suna da hadisin Bukhari da Muslim cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce a gare shi. Amma a ganina abin da ya zaunar da shi ba wa'azi ba ne, rumbu ne, sai kuma sassaucin da aka samu daga ma'aikatan gandun daji, don a da itacen gonarka ma na gwamnati ne, ka sara a ci ka tara, to wa zai raini abin da ba nasa ba?

Yanzu ana ƙiyasin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 ne suka farfaɗo a kudancin Nijar. Rinaudo ya koma ƙungiyar agaji ta World Vision, suka kai dabarar Humbo a Habasha da Talensi a arewacin Gana, a 2018 kuma aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood.