Waiwaye: Yadda masaƙa ta shiga tsakanin Lexus LFA da motocin Turai

Tun da kamfanin Toyota ya nuna samfurin wata mota mai aiki da lantarki a watan Disambar 2025, ya kuma laƙa mata sunan LFA, tsohuwar gardama ta sake tashi tsakanin masu son motocin gudu. Wasu na cewa LFA ta asali, wadda Lexus, reshen motocin alfarma na Toyota, ta ƙera, ita ce mota mafi daɗin ƙara da aka taɓa ƙerawa, kuma ta nuna wa Italiya da Jamus cewa Japan ma ta iya. Wasu kuma na cewa kuɗinta ya fi ƙarfinta, don Ferrari 458 da ta fito lokaci ɗaya da ita ta fi ta saurin tashi, ga ta da rahusa nesa ba kusa ba. Kowane ɓangare na da hujjarsa. Abin da yake damuna shi ne yadda ake maganar kamar a 2010 aka wayi gari Lexus ta yi mafarki, ta farka da mota a hannu.

A wajenmu, idan aka ce Lexus, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne jif mai laushin tafiya, wadda ba ta yawan kai mai ita wurin bakanike. Haka duniya ma ta san ta tun 1989, lokacin da LS 400 ta fito ta girgiza kasuwar Mercedes da BMW a Amurka. Amma Japan ta daɗe tana leƙen fagen motocin gudu. A 1967 Toyota ta yi 2000GT tare da Yamaha, guda 350 da 'yan kai kawai. A 1990 Honda ta fito da NSX mai jikin alminiyam, wadda zakaran tsere Ayrton Senna ya taimaka wajen gwada ta, kuma Gordon Murray, wanda ya zana McLaren F1, ya sha faɗin cewa ita ce ma'auninsa. Sai dai daga 1989 zuwa 2004 kamfanonin Japan na da wata fahimta a tsakaninsu, cewa motar da za a sayar a cikin gida kada ƙarfin da aka rubuta mata ya wuce na doki 280. A waɗannan shekarun Turawa suka yi nisa.

A shekarar 2000 aka soma aikin LFA, ƙarƙashin injiniya Haruhiko Tanahashi, tare da babban direban gwaji na Toyota, Hiromu Naruse. Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin motar, shi ne ya tsaya wa aikin a sama. A Janairun 2005 aka nuna samfurin farko a baje kolin motoci na Detroit. Jikinsa na alminiyam ne, irin wanda Ferrari da Lamborghini ke amfani da shi a ƙananan motocinsu, kuma aiki ya yi nisa.

A wannan shekarar ce aka yanke shawarar da masu gardama ba su cika tsayawa a kanta ba, alhali a ganina daga ita komai ya biyo baya. Aka ajiye jikin alminiyam, aka ce a koma zaren kabon. Ba fenti aka sauya ba, ƙashin motar gaba ɗaya aka sake, bayan shekara biyar ana aiki. Zaren kabon siriri ne ƙwarai, baƙi, ana saƙa shi kamar tufa, a jiƙa shi da wani irin ƙaro, a gasa shi a cikin tanderu mai matsi har ya sandare. Ya fi ƙarfe rashin nauyi, kuma ba ya lanƙwashewa da sauƙi. Lexus ta ce sauyin ya rage wa motar kusan kilo 100, kuma a ƙarshe kashi 65 cikin ɗari na jikinta da shi aka yi.

Da a nan aka tsaya, da jinkirin bai kai haka ba, don akwai ƙwararrun kamfanoni a Turai da za a iya ba kwangila su yi aikin. Amma sai aka ce a gida za a koya, a gida za a yi. Wanda bai san asalin Toyota ba zai ɗauka taurin kai ne kawai. Gidan Toyoda masaƙa ne tun fil'azal. Sakichi Toyoda ya ƙera injin saƙa mai sarrafa kansa a 1924, wanda yake tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke. A 1929 aka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila izinin ƙera shi a kan fam 100,000, kuma daga cikin wancan kamfanin saƙa ne ɗansa Kiichiro ya buɗe sashen mota a 1933. Kyan ɗa ya gaji ubansa. Shekara saba'in da wani abu bayan nan, injiniyoyin LFA suka ƙera wata masaƙa mai siffar zobe, ta fi tsayin mutum, kwarkwaron zare jere a kewayenta suna zagaya suna kitsa zaren kabon a jikin wani abu da aka zura ta tsakiya. Da ita aka saƙa ginshiƙan da ke riƙe gilashin gaba da gefen rufin motar. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masaƙi yana kallon yadda zare ke hawa kan zare zai gane abin da ake yi, ko da bai san komai game da mota ba.

Koyon nan ya ci lokaci, kuma lokaci ba ya jiran kowa. Motar da aka auna da abin da Turai ke yi a farkon shekarun 2000 ba ta bayyana a kammale ba sai Oktoban 2009 a Tokyo, ba a kuma fara ƙera ta ba sai Disambar 2010. Kafin nan abubuwa da yawa sun juya. Gasar tseren motoci ta Formula 1 ta bar inji mai silinda goma bayan 2005, irin wanda aka zaɓar wa LFA. Tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 2008, Toyota kanta ta fice daga gasar a ƙarshen 2009. Sannan giya mai kuloci biyu, wadda take sauyawa ba tare da an ji ba, ta zama ruwan dare a Porsche da Ferrari, ita kuwa LFA ta zo da giya shida mai kuloci ɗaya, wadda take ɗan buga direba a baya duk lokacin da ta shiga. Masu ita da yawa na son wannan bugun, amma agogo bai san so ba.

Ga yadda lissafin ya kasance a takarda. LFA na da inji mai lita 4.8, ƙarfin doki 560 a ma'aunin Turai, tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.7, iyakar gudunta 325. Ferrari 458 na da silinda takwas, doki 570, tana kai 100 cikin daƙiƙa 3.4, iyakar gudu kusan ɗaya. Amma LFA dala 375,000 ce, Ferrari kuwa ba ta kai 250,000 ba. A 2011 McLaren ta kawo MP4-12C, ita ma da ƙashin kabon, a farashi kusa da na Ferrari. Ko a gida ma, Nissan GT-R na yin irin wannan tashin a ƙasa da dala 100,000. Mai saye da ya duba wannan jeri ya juya baya bai yi laifi ba.

Sai dai na fi ganin adalci a jera ta da Porsche Carrera GT ta 2004, ita ma mai silinda goma da jikin kabon, wadda kuɗinta ya haura dala 400,000. Sa'arta ke nan ta haihuwa, jinkiri ne ya raba su aji. Idan aka dube ta ta nan, abin da aka biya kuɗin dominsa yakan fito fili. Injin da aka yi da Yamaha yana tashi daga juyinsa na lokacin da mota ke tsaye zuwa juyi 9,000 a minti cikin kashi shida cikin goma na daƙiƙa, har allurar da aka saba sawa a gaban direba ta kasa binsa, dole aka sa ta allon kwamfuta. Masu kayan kiɗa na Yamaha ne suka daidaita ƙararsa, aka bi da ita ta wasu hanyoyi zuwa cikin ɗakin motar. Wannan ƙarar ce ta sa yau, idan LFA ta shiga gwanjo, kuɗinta kan ninka na asali, wasu ma su haura dala miliyan ɗaya.

Naruse bai ga ƙarshen aikinsa ba. Ya rasu a Yunin 2010 a haɗarin mota kusa da filin tsere na Nürburgring a Jamus, yana gwada LFA. Bayan shekara ɗaya, a wannan filin da Turawa ke auna motocinsu, direba Akira Iida ya zagaya da ita cikin minti 7 da daƙiƙa 14.64, lokacin da ya sa ta a sahun gaba na motocin titi a wancan zamani.

Guda 500 aka ƙera a masana'antar Motomachi, kusan ɗaya a rana, hamsin daga ciki masu sunan Nürburgring. Ta ƙarshe, fara, ta fito a Disambar 2012. Ba a rufe ɗakin aikin ba. Bayan shekara biyu, a nan aka fara harhaɗa Toyota Mirai, motar da ke ajiye iskar haidurojin a cikin tankunan da aka naɗe da zaren kabon.