Waiwaye: Yadda kirefish da jatan lande suka raba hanya a Najeriya

Duk wanda ya saba ratsa layin masu kayan miyar Kudu a kasuwar Sabon Gari ta Kano, hancinsa kan riga idonsa sanin ya iso wurin masu kirefish. Ƙananan halittun ruwa ne jajaye, busassu, ana auna su da mudu ko da robar fenti. A 'yan shekarun nan matan da a da suke sayen kwano sun koma sayen ƙulli, kuma wannan raguwar tana da tarihi mai tsawo da ya faro daga bakin teku.

Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 850, daga Badagry zuwa iyakar Kamaru. Abin da muke kira kirefish yawancinsa ɗan ƙaramin jatan lande ne da ke rayuwa inda ruwan kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri, musamman a bakin Kogin Kuros, wajajen Oron da Ibaka a Akwa Ibom, da kuma yankin Ilaje a Ondo. Maza su kamo a kwalekwale, mata su busar da hayaƙin itace, a ɗura a buhu. Haka sana'ar take tun kafin Turawa su zo. Jirgin ƙasa ne ya kawo shi Arewa da yawa: layin dogo ya iso Kano a 1911, daga baya na gabas ya haɗa Fatakwal da Kaduna, 'yan Kudu suka zo da abincinsu, sannu a hankali maƙwabtansu Hausawa suka ɗanɗana. Ba a samu wata gardamar addini ba, tunda mazhabar Malikiyya ta halatta abin da ke rayuwa cikin ruwa. Daddawa ba ta bar tukunya ba, amma kirefish ya samu gurbi a alale, da miyar agushi, da dafa-duka. Mafi muhimmanci a wurina shi ne kunun yaye, domin ma'aikatan jinya sun daɗe suna shawartar iyaye mata su daka shi su haɗa da gero ko masara da waken suya da gyaɗa. Ga gidan da nama sai sallah, wannan garin ba ƙaramin rufin asiri ba ne.

Ɗaya hanyar ta buɗe ne bayan samun 'yancin kai, lokacin da aka gane cewa ruwan da ke gaban Neja Delta cike yake da manyan jatan lande da Turai ke saye da tsada. Manyan jiragen kamun kifi masu jan koma a ƙasan teku suka kafa sansani a Legas, suna daskarar da kayan tun a cikin jirgi, a tura Holand da Beljiyam da Faransa. Gwamnati ta yi dokar kamun kifin teku a 1971, ta kafa cibiyar binciken teku a Legas a 1975, a 1992 kuma aka sabunta dokar, aka hana manyan jiragen shiga mil biyar na farko daga gaɓa domin a bar wa masu kwalekwale. Masunta sun sha kokawa cewa jiragen na ƙetare wannan iyaka, suna yayyaga musu raga. Tun daga wannan zamani kayan suka rabu biyu: manya su tafi waje a kawo dala, ƙanana su zauna a gida su ciyar da jama'a. Hankalin hukuma ya fi karkata ga na farkon, domin shi ne yake bi ta tashar jirgin ruwa a rubuta nauyinsa.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 wani babban jatan lande mai zane irin na damisa, ɗan asalin tekun Asiya, ya fara shiga ragar masunta a ruwan Najeriya, ya kuma ƙara wa cinikin waje armashi. Daɗin bai daɗe ba. Fashin teku ya yi ƙamari har a farkon 2008 ƙungiyar masu manyan jiragen ta janye jiragenta daga ruwa bayan an kashe musu ma'aikata. Kamfanoni da dama ba su farfaɗo ba, ga kuma tsadar man dizal da ta zo ta ƙara musu nauyi.

Masu kwalekwale nasu ciwon ya fi zurfi, kuma shi ne ya shafi tukunyarmu kai tsaye. Jatan lande yana yin ƙuruciyarsa ne a cikin saiwoyin itatuwan da ke tsiro a ruwan gishiri na gaɓa. Malalar ɗanyen mai ta cinye wannan daji a wurare da yawa. An yi wata babba a tekun Akwa Ibom a Janairun 1998, wata a filin mai na Bonga a Disambar 2011, kowacce kimanin ganga dubu 40, ban da ƙananan da ba a daina ba. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya nuna yadda man ya kashe wuraren hayayyafar kifi. Sannan ga wani irin kwakwar ruwa da aka shigo da ita Kalaba a 1906, ta bazu tana korar itatuwan asali. Ita kanta busar da kirefish ɗin, itacen wannan dajin take ci.

Sai batun Bakassi. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin a watan Oktoban 2002, Najeriya da Kamaru suka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree ta aiwatar da hukuncin a 2006, aka kammala miƙa shi a watan Agustan 2008. A Abuja magana ce ta iyaka da mai. A Oron kuwa magana ce ta ruwan da kakanni suka yi su a cikinsa, wanda rana ɗaya ya zama na wata ƙasa. Dubban masunta sun tashi, waɗanda suka zauna suka koma biyan haraji ga hukumomin Kamaru. Wani kaso na kirefish ɗin da ake saukewa a Akwa Ibom yau, a haƙiƙa daga ƙetare yake zuwa.

Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya bugi sana'ar ta fuska biyu: injin kwalekwale fetur yake sha, motar da za ta ɗauko buhu daga Oron zuwa Kano kuma tafiya ce ta fiye da kilomita dubu. A wannan shekarar ne aka ƙirƙiro ma'aikatar tattalin arzikin teku, ana kuma ta zancen kiwon jatan lande a gona, kamar wadda aka kafa a yankin Badagry. Kiwon na manyan ne, masu tsada. Ɗan ƙaramin da ake dakawa a kunun jariri har yanzu daga ruwan Allah ake kamo shi, adadin bakunan da ke jiransa kuma ya tashi daga miliyan 45 a 1960 zuwa fiye da miliyan 200.